Gwaggon Kifi da Garin da Ruwa Ya Ci

Duk wadda ta taɓa zama a gaban Gwaggon Kifi ta san zafin hannunta. Makitsiya ce, kuma ba ta tausayin fatar kai ko kaɗan. In ta matse kan yarinya tsakanin gwiwoyinta ta ɗauki tsinke, sai ka ga girar yarinyar ta ɗage sama, haka za ta yini kamar mai mamakin wani abu. Amma fa layi ake bi. Tun da hantsi 'yan mata ke cika barandarta, kowacce da matajinta da 'yar kwalbar mai, ana rigimar wa ta riga wa. Kada ka ce kyan kitson ne kawai, don akwai wasu makitsa a layin, wata ma har da fanka da babban madubi. Labari ake zuwa ji.

Ba a unguwar nan aka haife ta ba. Babu ma wani mai furfura da aka haifa a cikinta. Garinsu na asali yana can bakin kogi, kuma tana famfara aka tashe su. Wasu mutane ne suka fara zuwa da malafa a kai, suna kafa wani ƙarfe mai ƙafa uku suna leƙen gari ta cikinsa. Daga nan aka bi gida-gida ana shafa jan fenti a bango. Aka ce hukuma za ta datse kogin ta yi dam, ruwa zai hau har ya rufe kan bishiyoyi. Manyan motoci suka kwashe mutane da awaki da tukwane, aka zube su a gidajen bulo da aka jera kamar haƙoran mataji, duk kala ɗaya, kowanne da lamba a ƙofa. A watannin farko tsofaffi sun sha faɗawa gidan da ba nasu ba, har su tuɓe takalmi su nemi ruwan sha.

Su biyu ne a wurin iyayensu, ita da yayanta, kuma marayu suka hau motar. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa, Inna kuwa ta bi shi a daminar ƙarshe kafin tashi. Abin da ta bari mai nauyi shi ne dutsen niƙanta, wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda aiki, gefensa ɗaya kuma ya ɓalle. Direba ya dube shi ya ce motarsa ba ta ɗaukar duwatsu. Yaya, lokacin yana saurayi, ya durƙusa ya ce wa ƙanwarsa, "Yi shiru, Auta, zan dawo in ɗauko shi." Kafin ya sami motar da za ta koma, ruwa ya riga shi. Daga ranar bai ƙara ambatar sunan garin ba. Ya koyi gyaran agogo, ya buɗe ɗan shago a bakin titi, ya zama irin mutanen nan da in ka ce musu ƙarfe biyu ta yi sai su duba hannu su ce saura kaɗan.

Auta kuwa kitso ta koya. Da shi ta yi aure, da shi ta riƙe 'ya'yanta bayan mijin ya rasu. Masu zuwa mata da farko tsofaffi ne, kuma tsohuwa in ta sunkuyar da kai aka fara yi mata tsifa, bakinta ba ya tsayawa. Wannan ta ce rijiyar gari tana tsakiyar kasuwa, bakinta ya tsage ta gabas. Waccan ta ce ƙarya ne, ta kudu ya tsage, ita da ta goge gwiwa a wurin. A yi ta musu har a kira ta uku ta raba gardama. Auta na bayansu tana tsaga tana ji. Ta san lungun maƙera da ramukan marina, ta san wa ke maƙwabtaka da wa, da gidan da ake ba yara gyaɗa, da gidan da ake kora su da tsintsiya. Ba ta taɓa zama don ta haddace ba, shiga kawai ya yi.

Tsofaffin suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, yara suka maye gurbinsu. Yaran nan in ka tambaye su 'yan ina ne, sai su gaya maka lambar gida. Abin yana ci mata rai. Ta gwada ba su labarin garin yadda ta ji shi, wane ya haifi wance, gidan wane na kusa da na wane. Tabɗi! Ko minti biyar ba a yi sai hamma da mutsu-mutsu, kai ya karkace, tsaga ta lalace.

Wata rana aka kawo mata wata yarinya mai kukan tsiya, tun ba a taɓa ta ba take ihu. Auta ta dafa goshinta da tsinke ta ce, "Ke, rufe mini baki, kada ki tashi Kifi. Nan goshinki shi ne babban dutsen bakin gari, a ƙarƙashinsa yake kwana."

Yarinya ta haɗiye kuka ta ce, "Wane kifi?"

Wallahi ita ma ba ta sani ba sai da bakinta ya faɗa. Ta ce ɗan tarwaɗa ne da ke cikin rijiyar kasuwa, matar maƙeri ta taɓa jawo shi a guga ta ji tausayinsa ta mayar. Da ruwa ya ci gari sai ya fito ya yi ta girma har ya kai babbar mota, gashin bakinsa kamar igiyar shanya. Ya duba ya ga ba kowa, ya ce to shi zai yi gadi har masu gari su dawo. Kullum da safe yana zaga gari, yana yin sallama a kowace ƙofa da sunan mai gidan.

Ta ja tsaga daga goshi zuwa tsakar kai ta ce wannan babbar hanya ce, ga rijiya nan a tsakiya. Ta gangara dama, kowane layin kitso lungu ne, har lungun maƙera da ya ƙare a bayan kunne. Ta koma hagu, marina da magina tukwane. Ƙeya kuwa, inda kitso ya fi zafi, nan ta ajiye bayan gari, nan gidansu yake, ƙarƙashin wata tsamiya. A nan Kifi ke ƙare zagayensa, ya share dutsen niƙan Inna da wutsiya, ya ɗora haɓarsa a kai ya huta. Aka gama kitso tsaf yarinyar ba ta motsa ba, har tana tambaya ko ba sauran lungu.

Daga ranar sunan Auta ya ɓace a bakin mutane, ta koma Gwaggon Kifi. Labari kuwa ya yi ta ƙiba. Ƙarfen nan mai ƙafa uku ya zama dodo mai ido ɗaya, duk abin da ya kalla sai ruwa ya ci shi. Jan fentin bango ya ɓare ya zama jajayen kifaye masu kai gulma gida-gida. Akwai wani tsoho makiyayi da ya ƙi tashi sai da aka ɗauke shi cak aka sa a mota. A bakinta ya zama kunkuru, ya koma garin da ɗakinsa a bayansa don kada wani ya sake raba su. Aljanu da dodanni tana ƙara su yadda ta ga dama, yau a ce biyu gobe a ce bakwai. Amma lungu ko rijiya ko sunan mai gida, ba ta taɓa gusar da ko ɗaya daga inda tsofaffi suka ajiye shi ba.

Kunkurun nan ne ya jawo mata. Babbar 'yar Yaya ta dawo da sabon kitso tana ba ƙannenta labari a bakin shago, uban yana ji. Bai ko rufe shago ba ya taho, gilashin duba agogo na rataye a wuyansa.

"Auta, me nake ji haka?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Tsohon nan da kike cewa ya zama kunkuru, baƙin ciki ne ya kashe shi a gida mai lamba, da hannuna na kama makararsa. An raba mu da garinmu, mun yi kuka, ke kin mayar da abin wasan yara? Har da dutsen Inna a bakin kifi?"

"Yaya, in na faɗa musu yadda yake, barci suke yi."

"Su yi barcin! Ya fi a cika musu kai da ƙarya. Ke me kika sani ma? Da majina a hanci kika bar garin."

Wannan ta soke ta. Ta ce, "Kai da ka sani, me ka gaya musu?"

Ya dube ta har ta sunkuyar da kai, ya juya. A bakin ƙofa ya ce 'ya'yansa ba za su ƙara zama a gabanta ba, shi kuma ba zai ƙara tako gidan da ake wasa da matattu ba. Kuma mutumin agogo ne, in ya faɗi magana ba ta gaba ba ta baya. Shekaru suka yi ta wucewa. In sun haɗu a hanya ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice kamar mai amsa wa baƙuwa. Ita da take sa baranda guda dariya, sau da yawa in ta sallami yara takan shiga ɗaki ta share hawaye, don duk duniya shi kaɗai ya rage wanda ya san muryar Inna. Amma ba ta bar Kifi ba. 'Yar tasa ma ba ta daina zuwa ba, ta bayan gida take zagayowa, ta koma da ɗankwali ɗaure tamau. Ta girma ta yi karatun jinya, kowa na kiranta Nas.

Gwaggo ta yi furfura, yatsunta suka fara ƙagewa da sanyin safiya. Yaya kuma idonsa ya yi hazo har ya rufe shago. Sai ga shekaru biyu a jere damina ta yi ƙaranci, hukuma kuma ta saki sauran ruwan don a gyara ƙofofin dam. Masunta suka kawo labari cewa babban dutsen bakin gari ya fito, ƙasa ta bushe har ana takawa. Kai, unguwa ta ɗauka! Aka yi hayar motoci, tsoho da yaro kowa zai je ya ga gidan kakansa.

Kowa na murna, ban da Gwaggo. Gaskiyar Yaya ce, da majina a hanci ta bar garin. Ta maimaita labarin nan har ita kanta ba ta iya rantsuwa a kan abin da ta gani da ido da abin da ta ji daga bakin tsofaffi. In aka je aka tarar rijiya ba ta inda ta ce fa? Ba kunyar 'yan mata take ji ba. Yaya take tsoro, don in ya kama ta da ƙarya a kan ƙasar garinsu, shi ke nan, har kabari. Ta ce ba za ta je ba, ƙafa ke mata ciwo. Nas ta zo ta tsaya mata a kai.

"Gwaggo, ni ma'aikaciyar jinya ce, ƙafarki lafiya lau. Baba ma zai je, har ya sa an nemo igiya da ƙarti biyu. Tashi ki ɗaura ɗankwali."

Da hantsi suka isa. Aka sauka a gindin dutsen. Ina gari? Fili ne fetal, laka ta bushe ta tsattsage har iyakar gani. Katangun ƙasa duk sun narke, ba bango, ba bishiya, sai kututture nan da can. Tsofaffin maza da suka cika mota da "ni zan nuna muku gidanmu ido rufe" suka kama juye-juye, wannan ya nuna gabas, wancan ya nuna yamma. Wani ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Yaya na tsaye da sandarsa, ƙartinsa na riƙe da igiya, yana ta ƙifta idon da ba ya gani sosai. Allah Sarki, tsufa ya taso masa gaba ɗaya.

Gwaggo ta waiga. Sai ta ga Nas ta juya wa dutsen baya, ta tura hannu ƙarƙashin ɗankwali, ta dafa goshinta.

"Nan Kifi yake kwana," in ji Nas. Ta ja yatsa zuwa tsakar kai. "In ya tashi, miƙewa yake yi sak har rijiya."

Wata mai goyo ta dafa nata kan. Wata malamar makaranta ta ajiye jaka ta dafa nata. Kafin ka ce me, matan unguwa, manya da ƙanana, kowacce hannu a ka kamar masu ciwon kai, sun miƙe cikin filin suna faɗa baki ɗaya: "Salamu alaikum gidan mai gishiri! Salamu alaikum gidan doguwa mai daddawar murya!" Maza na biye da su sororo. Gwaggo na can baya, tana addu'a a zuci.

Wata yarinya ce ta fara ƙwalla ihu. Ga da'irar duwatsu nan a cikin laka, bakin rijiya, ya tsage ta kudu. Guɗa ta tashi. Aka watse dama da hagu, kowacce na bin layin kitsonta. Masu bin bayan kunnen dama suka tono ƙasa suka ɗago kashin ƙarfe baƙi ƙirin, ga lungun maƙera. Na hagu suka tarar da ramukan marina a jere, laka ta cike su amma bakinsu na nan. Tsohon da ke kuka ɗazu, jikarsa ce ta ja shi da hannu har dokin ƙofar ubansa, ya taka dutsen ya gane shi da tafin ƙafa, ya kama kiran sunayen 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina ka juya sallama ake yi a ƙofofin da babu su.

Gwaggo ba ta san lokacin da ta isa gaban Yaya ba. Ta kama bakin sandarsa kamar yadda ake ja wa makaho, bai ƙwace ba.

"Ina za mu?" ya ce.

"Ƙeya, Yaya."

Suka wuce rijiya, suka gangara bayan gari, ƙarti na biye. Ga wani ƙaton kututture. Ta tsaya, ta durƙusa, ta kama tonon laka da yatsun nan nata masu ciwo. Nas ta taya ta. Can hannunta ya ci karo da abu mai santsi. Suka share. Tsakiyarsa a lotse, gefe ɗaya a ɓalle.

Yaya ya saki sanda ya durƙusa. Ya shafa lotsawar, ya bi ɓallin da yatsa a hankali yadda yake bin cikin agogo. Ya ce, "Inna, na dawo," sai muryar ta karye. Gwaggo ta yi kuka mai isarta, na murna da na shekarun da suka tafi, ba ta ko rufe fuska ba.

Da ya natsa ya lalubi kututturen da ke gefensa, ya ɓanɓaro ɓawo ya shinshina.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Durumi ne. Ba tsamiya ba ce. Shekara da shekaru kina gaya wa yara tsamiya."

Ta ɗago, sai ta ga bakinsa na motsi, dariya yake dannewa.

"Ashe kana ji?"

"Yo yaran gidana suna da wani zance ne? Ta taga nake jin su. Gobe ki gyara."

Ƙarti suka matso suka fara zura igiya ƙarƙashin dutsen. Ya ɗaga musu hannu.

"Ku bar shi."

"Baba, ai dominsa muka zo," in ji Nas.

"Na ce ku bar shi. Ruwan nan dawowa zai yi. Kifin nan, bawan Allah, ya yi shekaru yana share mana dutse ba mu taɓa ce masa sannu ba, yanzu mu ɗauke, a ina kuke so ya ɗora haɓarsa?"

Matan da suka taru suka bushe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa har sai da tsuntsaye suka tashi daga bakin ruwa. Shi kuwa ya gyara zama a ƙasa, ya juya wa ƙanwarsa baya, ya cire hularsa. Sanƙo ne tal, ko gashi ɗaya babu, rana na ƙyalli a kai.

"Idona bai ga komai ba yau," ya ce. "Kowa ya zo da garinsa a ka, ban da ni. Kin zo da tsinkenki?"

Makitsiya ce, yaushe za ta fita ba tsinke? Ta zaro shi daga cikin ɗankwali, ta zauna a kan kututturen durumi, ta matse kan yayanta tsakanin gwiwoyinta, mata suka kewaye su. Ta dafa goshinsa da bakin tsinken.

"A hankali dai, na ji labarin hannunki," ya ce. "Kuma kada ki tsallake mini kunkurun."